Mai tebur a Saga, kada ka miƙa wa yaro sigari

Tun 2023, a jihar Nebada ta Amurka, doka ta tilasta wa mai sayar da taba ya duba katin shaidar duk wanda bai kai shekara 40 ba da na'ura. Mai tebur a Saga, a nan Nijar, ba ya da wannan na'ura, amma nauyin yana kansa. Nijar ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, ta kafa dokarta a 2006, kuma sashe na 16 na yarjejeniyar ya ce in mai sayarwa ya yi shakkar shekarun mai saye, ya nemi shaida.

Za a ce samari da yawa ba su da katin ɗan ƙasa. Gaskiya ne, sai dai a unguwa ka san ɗan wane ne, ka san ko ɗan makaranta ne, na'ura kuwa ba ta san wannan ba. Wanda ya fi wuya shi ne yaron da aka aiko. Ka ce masa, "Je ka gaya wa Baba ya zo da kansa." Kuɗin kara ɗaya za ka rasa, kuma yaron da ke fakewa da aike ba zai sake gwada ka ba.