Makullin Tsaro da Kare Kayan da Ka Saya a Intanet

Littafin da ka saya a Google Play, da fim ɗin da ka biya kuɗinsa a shagon Apple, da wasan da ɗanka yake bugawa a Xbox, duk a cikin asusunka suke zaune. Ranar da wani ya ƙwace asusun, kayan sun tafi ke nan, kuma sau da yawa katin bankin da ka ajiye a ciki shi ma ya faɗa hannunsa.

Yawancinmu mun dogara ga kalmar sirri da lambar OTP da ake turowa ta waya. To, 'yan damfara sun daɗe da sanin lagon waɗannan biyun. Sai su turo maka saƙo wai za a rufe asusunka yau, maza ka danna nan. Ka danna, shafi ya buɗe, tambari da launi duk irin na gaskiya. Ka rubuta kalmar sirri, lamba ta shigo wayarka, ka kwafa ka zuba. Shi kuwa ɓarawo yana can yana shigar da su a shafin ainihi nan take. Wasu ma ba sa wannan wahala, layinka kawai za su yi wa welkam bak, wato su karɓi sabon SIM mai lambarka, lambobin su riƙa zuwa musu kai tsaye.

Maganin da masana suka fi amincewa da shi shi ne makullin tsaro. Ɗan ƙaramin abu ne mai kama da filashi, da huda a kansa don a rataye shi cikin makullan gida, da ɗan wuri mai ruwan zinariya da ake taɓawa da yatsa. Ba ya amfani da batir. Ana soka shi a kafar USB ta kwamfuta, ko a kara shi a bayan waya idan tana da NFC. Wanda ya fi shahara shi ne YubiKey na kamfanin Yubico, wanda aka kafa a Suwidin a 2007. Google ma ya fitar da nasa mai suna Titan a 2018.

Ga yadda yake aiki, kuma a nan ya kamata a natsu. Ranar da ka yi masa rajista a wani shafi, makullin zai ƙirƙiri wani sirri na wannan shafin shi kaɗai, sirrin kuma ba ya fita daga cikinsa, kai kanka ba ka san shi ba. Duk lokacin da za ka shiga, sai an gaya wa makullin ainihin adireshin shafin da kake kai. In na jabu ne, ko da harafi ɗaya ya bambanta, makullin ba zai amsa ba. Ido yana ruɗuwa da tambari, makulli kuwa adireshi yake dubawa. Nan ya fi tokin na banki mai nuna lambobi, domin lambar tokin ana iya yaudarar mutum ya karanta wa ɓarawo ta waya. Makulli ba ya ba ka komai da za ka faɗa wa wani.

An gwada an gani. A 2018 Google ya bayyana cewa tun da ya wajabta wa ma'aikatansa fiye da 85,000 amfani da makulli a farkon 2017, ba a ƙwace asusun aikin ko ɗayansu ta shafin jabu ba. A 2022 kuma aka kai wa ma'aikatan kamfanin Cloudflare irin wannan hari ta saƙon waya. Uku daga cikinsu sun rubuta kalmar sirrinsu a shafin ɓarayi, amma ɓarayin suka kasa shiga.

Kada dai a ɗora wa makulli abin da ba aikinsa ba. Ba zai hana ka tura kuɗi ga mai sayar da kayan ƙarya ba, kuma shagunan intanet da yawa ba su karɓe shi ba tukuna. Saboda haka ka fara da imel ɗinka, domin ta nan ake canza kalmar sirrin sauran asusun duka. Google, Microsoft, Apple da Facebook duk suna karɓarsa. Bayan ka saka shi, ka cire shiga ta lambar waya inda aka yarda, in ba haka ba ɓarawo ta can zai bi.

Sai maganar ɓata, wadda mutane suka fi yi wa sakaci. Makulli ɗaya kasada ne. Apple ma, da ya fara karɓarsu a Janairun 2023, cewa ya yi sai da guda biyu. Mai arha yana kamawa dala 25 zuwa 30, kuɗi ne kam, amma ka lissafa abin da ke cikin asusun. Ka sayi biyu daga dillalin da aka sani, ka yi musu rajista rana ɗaya, ɗaya a aljihunka, ɗaya a inda kake ajiye takardun gida.