Amsar Tambaya: Ƙafa 1,200 a daƙiƙa, mita nawa ke nan?

Tambaya: A kwalin harsashin bindigata ta farauta, mai baki biyu, an rubuta 1200 FPS, a jikin injin ban ruwana kuma 50 GPM. Me suke nufi?

Amsa: Malam, duka biyun awon Amurka ne. FPS na nufin ƙafa nawa harsashi ke ci a daƙiƙa ɗaya. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, saboda haka 1,200 ta zama kusan mita 366 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 1,317 a awa. Ya ɗan ɗara gudun sauti, wanda yake kusan mita 343 a daƙiƙa.

Amma kada lambar ta ruɗe ka. A kusa da bakin bindiga ake auna ta. Ƙwayoyin dalmar da ke cikin harsashin ƙanana ne, da sun fita iska ke fara cin ƙarfinsu, kafin su yi mita 40 gudun ya ragu ƙwarai. Harsashi mai saurin gaske ya fi dukan kafaɗa, kuma sau da yawa ƙwayoyinsa sun fi warwatsewa. Don Allah, kafin ka damu da gudu, duba tsawon harsashin da aka hatimce a jikin bindigar. Sa wanda ya fi shi tsawo na iya fasa ta a hannunka.

GPM kuwa galan ne a minti. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, injinka na ba da kusan lita 189 a minti. In na Ingila ne, mai lita 4.546, to lita 227 ke nan.