Yadda Ake Sake Rubuta JAMB Ba Tare da Lokaci Ya Sake Cin Mutum Ba

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, za ka ga samari a Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe sun yi jugum, waya a hannu. Wani ya so karanta harkar gudanar da kasuwanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wani aikin akanta, amma makin da ya zo bai kai su ko bakin ƙofa ba. In ka tambayi yaro me ya faru, da wuya ya ce bai san amsa ba. Abin da ka fi ji shi ne, "Malam, ban gama ba kwamfuta ta rufe." Irin wannan yaro nake yi wa magana, shi da ƙanwarsa da ta sha irin wannan kaye, domin a ganina yawancinsu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, agogo ne ya kayar da su.

Sai ka fara da duba raunin da kyau kafin ka sa magani. Sakamakon yana zuwa da makin kowane darasi daban, huɗu ne, kowanne a kan 100, jimla 400. Mai neman fannin kasuwanci yakan rubuta Turanci da Lissafi da Tattalin Arziki, sannan ya ƙara ɗaya, kamar Gwamnati ko ilimin Kasuwanci. Rubuta makin huɗun a takarda, ka tuna wane darasi ka bari a ƙarshe, tambaya nawa ka bari ba amsa. Sau da yawa za ka tarar darasin da ya fi faɗuwa shi ne wanda ka isa gare shi saura minti goma. Sannan ka ciro takardar WAEC ko NECO ɗinka. Idan babu kiredit a Lissafi ko Turanci ko Tattalin Arziki, ko ka ci maki 300 ba wanda zai ba ka gurbin karatun kasuwanci. Mai irin wannan giɓi ya fara cike shi da jarrabawar 'yan waje da ake yi wajen watan Nuwamba da Disamba, kafin ya sake kashe kuɗin uba a kan fom.

Abu na biyu, ka san cewa dama ɗaya ce a shekara. A Amurka da Ingila masu neman digiri na biyu a makarantun kasuwanci suna rubuta wata jarrabawa da ake kira GMAT. Wanda bai gamsu da makinsa ba yana iya komawa bayan kwana 16, har sau biyar cikin wata goma sha biyu, kuma makin yana aiki shekara biyar. Mu namu ba haka yake ba. Makin JAMB na shekararsa ne kaɗai, in ya wuce ya wuce, sai baɗi. Saboda haka watannin da ke tsakanin faɗuwa da komawa su ne jarinka, kuma a ƙasarmu watannin nan suna da masu su. Daga Yuni zuwa Satumba gona ce ke da kai: shuka, noman farko, maimai. Oktoba da Nuwamba girbin gero da dawa da sussuka. Mai noman rani a fadama ba ya ma samun hutu bayan girbi. Rajista takan buɗe a farkon shekara, jarrabawa ta biyo baya wajen Afrilu, lokacin da zafi ke narka mutum. Wanda ya ce zai fara karatu bayan ya sayi fom, ya fafe gora ranar tafiya.

To, ya za a yi? Kada ka zana jadawalin awa takwas a yini, ba za ka cika shi ba, kuma ranar da ka karya shi za ka watsar da komai. Nemi awa ɗaya da rabi da ba mai ƙwace maka. A wurinmu wannan lokaci bayan sallar asuba ne, kafin a ɗauki fartanya ko a buɗe shago, gari da sanyi, ba ka bukatar wutar lantarki balle ka jira ta. Ba wa Lissafi wannan lokacin, kullum, domin Lissafi ba ya zama a kai da karatun baki, sai hannu ya saba. Tattalin Arziki da Gwamnati suna jure karatun bayan isha'i da 'yar fitila. Turanci kuwa ka riƙa tsinkarsa a duk inda ka samu sarari, ko a inuwar bishiya lokacin hutun rana. Da damina wannan ya isa. In an kai amfani rumbu sai ka ninka. Idan azumi ya faɗo cikin watannin shiri, kamar yadda yake yi a 'yan shekarun nan, bayan sahur ya fi ko'ina albarka, kada ka yaudari kanka da karatun la'asar.

Mace da aikin gida ya yi wa yawa, ta zauna da mahaifiyarta tun farko a yanke wane aiki za a ɗauke mata. Ba raini ba ne. Awa ɗaya da aka amince da ita ta fi uku da ake sata ana kiranta.

Yanzu ga inda maganar take. Tambayoyi 180 ne, lokaci awa biyu. Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne. Raba minti 120 gida 180, za ka samu daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Daƙiƙa arba'in! Kafin ka karanta doguwar tambayar Lissafi sau biyu sun tafi. Wanda bai taɓa yin wannan lissafi ba, shi ne ke zama minti huɗu a kan tambaya ɗaya yana cewa sai ya ga bayanta, alhali makinta bai fi na mai sauƙin da ke jiransa a gaba ba. A minti huɗun nan ya zubar da tambaya shida.

Ga rabon da nake ba da shawara, kowa ya gyara shi daidai da ƙarfinsa. Fara da darasin da ka fi iyawa, Gwamnati ko Kasuwanci, minti 18, domin tambayoyinsa ko ka sani ko ba ka sani ba, babu abin tsayawa. Tattalin Arziki minti 22, saboda akwai 'yan zane da ɗan lissafi. Turanci minti 35, kuma a cikinsa ka fara da gajerun tambayoyi, ka bar dogayen nassoshi su biyo baya. Lissafi minti 35. Saura goma na komawa kan waɗanda ka tsallake. Ban yarda a bar Lissafi sai abin da ya rage ba, shi ya sa na yanka masa rabonsa tun farko: idan agogon da ke kan allon kwamfuta ya nuna saura minti 45, ko ina kake, ka tashi ka koma Lissafi. Agogon allon nan shi kaɗai gare ka, don ba a shiga da na hannu, ba a shiga da waya ko kalkuleta. Akwai kalkuleta a cikin kwamfutar, ka koyi amfani da ita tun a gida. Kuma ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada ka fito ka bar tambaya ko ɗaya ba amsa. In lokaci ya ƙure, zaɓi ɗaya ka wuce.

Wannan rabo ba ya shiga jiki da karantawa, sai da gwaji. Daga watan Disamba, ware rana ɗaya a mako, ka ɗauki tambayoyin shekarun baya guda 180, ka ba ƙanenka waya ya riƙe maka lokaci, awa biyu cif, ba tashi shan ruwa. Makon farko ba za ka gama ba, kada ka damu. Abin da ya fi gwajin muhimmanci shi ne zaman da ke biye da shi: ka bi duk wadda ka faɗi, ka rubuta dalili a wani ɗan littafi, rashin sani ne, ko gaggawa, ko lokaci ne ya ƙare. Wannan ɗan littafin kurakurai ya fi maka kowane malamin lesin.

Sai kwamfuta kanta. Tun 2015 JAMB ta bar takarda da fensir gaba ɗaya, amma har yau akwai yaron ƙauye da ranar jarrabawa ce ranarsa ta biyu da taɓa linzamin kwamfuta. Ba sai da linzami ba ma: A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya, S ta miƙa aiki. Wannan S ɗin ka yi nesa da ita sai ka gama. Nemi shagon kwamfuta a Tambuwal, ko in ka shiga Sakkwato ko Jega, ka biya kuɗin awa biyu ko uku ka saba. Jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske, wadda ba dole ba ce, kai mai komawa ka mayar da ita dole.

Wajen rajista a kula da abu uku. Lambar NIN da layin wayar da aka yi rajista da shi, a riƙe su, kada a ba wani aro. A duba littafin da aka sa a Turanci, don yana canzawa: wanda ya karanta The Life Changer a 2024 ya koma a 2025 ya tarar da The Lekki Headmaster. 'Yan mata kuma a haƙura da lalle a yatsu, ko da bikin wa ake yi, domin na'urar dangwale takan ƙi karɓar yatsa mai lalle, kuma hukumar ta sha yin gargaɗi a kai.

Ranar jarrabawa kuma tafiya ce. Gari kake zaɓa, cibiya da rana da awa sai ka fitar da takardar shiga jarrabawarka za ka gani, don haka ka fitar da ita da wuri. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita ɗari ne, ta Shagari da Boɗinga, na Kebbe kuwa tasu ta fi haka nisa. Idan aka sa ka rukunin safe, kada ka dogara da motar asuba. Tafi tun jajibiri, ka kwana wurin dangi, ka je ka ga ƙofar cibiyar da idonka kafin magariba.

Iyaye, kuɗin motar nan da na kwana ɗaya a birni, a tanade su tun ranar da aka sayi fom.