Kafin Motarka Ta Iso Legas

Da zarar an ce an loda motarka daga Amurka, nemi dillalin ya turo maka takardar lodi. Duba lambar shasi, haruffa da lambobi 17, ka tabbatar ta motar da ka saya ce. Harafi ɗaya ya kauce, kai da jami'an kwastam ne a tashar jiragen ruwa ta Tin Can.

Sunan jirgin yana kan takardar, sa shi a shafin MarineTraffic ka ga inda jirgin yake. In ya ɓace a tsakiyar teku kada hankalinka ya tashi, na'urorin gaɓa ne ba sa kama shi. Ranar isowar ma kiyasi ce, jiragen kan biya ta Dakar ko Kwatano.

Tanadi kuɗin fito tun yanzu, don kuɗin ajiya a tasha kullum hawa yake.