Hotunan da Aka Goge Maka a Commons

Ɗana, na ji an goge hotunan hawan sallah da ka ɗora a Wikimedia Commons, har kana cewa ka bar aikin. Yi haƙuri, ka saurare ni tukuna.

Rumbun nan da aka buɗe a 2004 ya tara fayil sama da miliyan 100, masu kula da shi kuwa 'yan sa-kai ne irinka. Alkawarin da suka ɗauka shi ne, duk abin da ke ciki kowa na iya ɗauka ya buga a littafi, ya gyara, har ya sayar, muddin ya kiyaye sharaɗin mai shi. Shi ya sa da zarar sun yi shakkar mai hoto sai su goge. Hoton da aka turo maka ta WhatsApp ba naka ba ne. Hatta hoton kakanka da aka ɗauka a shagon mai hoto, ko ya shekara arba'in rataye a falonku, galibi haƙƙinsa na wanda ya ɗauka ne, sai in ya sallama a rubuce. Na san da ciwo, tunda fuskar ta gidanku ce.

Ba a kanka aka fara ba. Bayan hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2012 a shari'ar Golan, an yi ta goge tsofaffin hotunan da haƙƙinsu ya ƙare a ƙasashensu amma bai ƙare a Amurka ba, inda gidauniyar Wikimedia mai riƙe da rumbun take. A 2014 'yan sa-kai na Isra'ila suka yi ca a kan lamarin. Hotunan ginin Burj Khalifa ma akan goge su, don dokar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta bar haƙƙin a hannun masu zanen ginin.

A ganina masu gogewar suna da gaskiya ta fuskar doka, amma wasunsu na gazawa wajen karɓar baƙo. A manna wa sabon shiga gargaɗi da Turanci, ba sallama ba bayani, ai korarsa aka yi. Ran da ka kai matsayinsu, ka yi wa na bayanka bayani da Hausa kafin ka taɓa masa hoto.

Yanzu dai nemi wanda ya ɗauki hotunan, ya aika izininsa ta imel ga masu tantancewa na Wikimedia da ake kira VRT. In ya inganta, sukan dawo da su. Sallah mai zuwa kuma ka fita da wayarka ka ɗauka da hannunka, ka ɗora yadda ya fito daga kyamara, ka rubuta gari da rana da sarautar mahayin.