Ba jabu ba ne, hannunka ne ya kashe bod ɗin

Wani ɗalibin shekarar ƙarshe ya shigo shagona da bod ɗin na'urar cajin sola a cikin baƙar leda, ido ya yi ja. Ya gama liƙa kayansa kaf, sai ya ga bod ɗin ya fi akwatinsa faɗi, ya kai wa wani mai injin CNC ya rage gefe, ya huda ramukan ƙusa. Da ya dawo gida ya kunna, ya yi aiki lafiya. Ana saura kwanaki kaɗan ya gabatar da aikinsa gaban malamai, abu ya ɗauke ɗif. Ya koma wurin mai injin, shi kuwa ya ce masa, "Kayan jabu ka sayo, je ka nemi mai shagon."

Na sa mita. Mosfet biyu sun tafi, ƙafa ɗaya ta aisi ba ta amsawa, ba ƙauri, ba baƙi, ba kumburi. Na ce, "Ƙanena, yaya mai injin ya yi aikin?" Ya ce a kan farantin roba ya ɗora bod ɗin, tiyon roba na zuƙe ƙura yana manne da bakin yanka, da ya gama ya share da buroshin fenti, ya miƙo masa da hannu tsirara. A tsakiyar Janairu! Wai ma injin ya tsaya da kansa ana cikin yanka, mutumin ya ɗora laifin kan wutar gari. Wannan tsayawar ita ce gargaɗin. Garin bod da ke gudu a cikin tiyo yana tara caji, cajin ya faɗa wa kebul na USB da ke haɗa inji da kwamfuta, kwamfuta ta rabu da inji.

Abin da ke ƙona min rai shi ne mai cewa, "Ai ban ji shokin ba." Jikin mutum ba ya jin irin wannan cajin, wato sitatik, sai ya kai wajen volt 3,000, alhali akwai kayan da ƙasa da volt 100 ke illata su. Kuma ba dole su mutu nan take ba. Sukan raunana, su yi ta aiki, sai kaya ya bar hannunka su cika, a zagi ɗan kasuwar da bai ji ba bai gani ba.

A yanka bod, a huda shi, kafin a liƙa masa komai. In ya zama dole a taɓa wanda aka riga aka haɗa, jikin inji da tebur da kai kanka duk ku haɗu a wayar ƙasa guda. Igiyar wuyan hannu da za ta haɗa ka da wayar ƙasa ta zama mai resista megohm 1 a ciki, kada ka ɗaura wa kanka waya zalla, ranka kake wasa da shi. Tiyon roba a zura masa wayar tagulla a kai ta ƙasa, ko a sayi wanda ba ya tara caji. Hunturu kuma ya fi kowane lokaci haɗari, domin iska ta bushe, caji ba shi da hanyar tsiyayewa.

Leda kuwa, don Allah a daina. Leda, soson kwali, buroshin roba, rigar sanyi ta roba, duk a nisanta su da tebur. Na faɗa na sake faɗa, har yau a leda ake kawo min bod.

Masu kai aiki, kafin ku miƙa bod ɗinku, ku ce a nuna muku wayar ƙasan injin. In babu, ku ɗauki kayanku ku fita.