Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Da Ya Shigo Kano Karatu



 Mahaifiyarka ta zo gidana ranar Juma'ar da ta wuce da ƙorafi a bakinta. Ta ce tun da ka samu gurbi a Jami'ar Bayero, in ka zo hutu ba a ganinka sai da abin sauraro toshe a kunne, ko ka duƙufa a kan waya kana kallon fim, ko ka raba dare kana karatun labarin soyayya. Ta roƙe ni in ja maka kunne. Na ce mata zan yi, amma a rubuce kuma a fili, domin maganar ta shafi duk sa'anninka da ke shigowa birnin nan kowace shekara da 'yar jakar kaya da babban buri.

Kwantar da hankalinka, ba zan ce ka daina ba. Ni ma a shekarunka na bi layin yankan tikiti a ƙofar silima, na kuma yi hayar littattafai a wurin masu baza su a kan tabarma. Mutumin da waƙa ba ta taɓa shi, labari kuma ba ya jan hankalinsa, zuciyarsa ta bushe tun da sauran kwana. Nasihata ɗaya ce: duk abin da ranka yake so, ka bi sawunsa har ka ga inda ya fito. Kada ka tsaya a bakin rijiya kana shan guntun ruwan da aka miƙo maka, ka zura guganka da kanka.

Bari in fara da waƙa, tunda ita ta fi kusa da kunnenka. A yau wayarka ce take zaɓa maka abin da za ka ji. Kana gama wannan ta jefo maka waccan, kafin mako ya zagayo ka manta da duka biyun. Ka ji waƙoƙin zamaninka, ba laifi. Na ga yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye gidajen biki a 2020, har iyayenku mata suka san ta. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Ka ware dare ɗaya ka zauna da Mamman Shata, mutumin Musawa da ya rasu a 1999, wanda kalangu da 'yan amshi kawai suka kai shi har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ka lura da yadda yake ɗaukar magana ɗaya ya juya ta, ya sake ta, ya dawo ya kama ta daidai inda amshi yake jiransa. Ka ji Ɗan Maraya Jos, wanda da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya ɗaga darajar karen mota da sauran talakawan da ba mai yi musu waƙa. Ka ji Narambaɗa da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, in kana son ka san zurfin Hausa. Ka ji Barmani Choge da ƙwaryarta tana zaburar da mata su kama sana'a.

Ga ɗan aikin da zan ba ka. Ɗauki waƙa ɗaya daga cikin waɗannan, ka rubuta ta a takarda baiti bayan baiti. Kalmar da ta shige maka duhu, ka kai wa wani dattijo ya warware maka. In ka yi haka sau uku ko huɗu, kunnenka zai buɗe. Daga nan in ka koma ga mawaƙan yau, da kanka za ka bambanta mai Hausa a bakinsa, irin su Aminu Ala, da wanda kiɗan fiyano da na'urar gyaran murya suke rufa wa asiri.

Batun littattafai kuwa, na san akwai masu yi maka kallon raini in sun gan ka da labarin soyayya. Kada wannan ya dame ka. Littattafan da aka taɓa yi wa laƙabin adabin kasuwar Kano su ne yau ake rubuta kundin digiri a kansu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya sa dubban matasa da matan aure sun riƙi karatu da hannu biyu. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fallasa zaluncin da ake yi wa mata a cikin gidajenmu, har wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassararsa da Turanci. Kafin su akwai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed.

To, ka ƙara taku zuwa baya. A 1933 aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a ƙarƙashin Rupert East, daga cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Imam ɗin nan shi ya rubuta Magana Jari Ce, shi ne kuma editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Ka karanta su a natse, da biro a hannu. Ka yi rajista a ɗakin karatu na Murtala Muhammad, ka saba da zama awa biyu da littafi ɗaya ba tare da ka leƙa waya ba. Wannan juriyar ita ce za ta ɗauke ka a ajin ƙarshe, ranar da za a ce ka rubuta kundinka.

Fim ma yana da nasa asalin. Son da Hausawa suke yi wa fina-finan Indiya ya samo tushe tun zamanin silimun da Kwarori suka buɗe a Kano, kuma daga can rawa da waƙa suka gangaro cikin namu. An mayar da Shaihu Umar fim a 1976, Adamu Halilu ne ya ba da umarni. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan masana'antar da kuke kira Kannywood ta miƙe. In kana kallon Labarina ko Kwana Casa'in ko Daɗin Kowa, ka riƙa yi wa kanka tambaya. Wa ya rubuta wannan labari? Haka mutanen unguwarmu suke magana? Me ya sa wannan fitowa ta sa ni hawaye, waccan kuwa ta wuce ni? Ka jira har sunayen ƙarshe su gama wucewa, ka san masu ɗaukar hoto da masu tacewa, domin guminsu ne a ciki.

Wannan gumin shi ya kawo ni maganar haƙƙi. Satar fasaha tana cikin abubuwan da suka durƙusar da cinikin fina-finai a Ƙofar Wambai, kuma ita ce take cin marubutan da ke sayar da labaransu ta WhatsApp. In marubuciya ta sa wa littafinta kuɗi, ka biya. Kada ka karɓi na sata, kada ka tura wa wani. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ka ji daɗin aikin mutum, haƙƙinsa ya hau kanka.

Sai birnin kansa. Akwai ɗaliban da suke shekara huɗu a Kano, iyakarsu daga aji zuwa ɗakin kwana, sai Farm Centre in waya ta lalace. Kada ka zama ɗaya daga cikinsu. Ka hau Dala da sassafe ka kalli garin a shimfiɗe. Ka ratsa lungunan Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ka ga dukawa da masu kayan koli. Ka tsaya a marinar Ƙofar Mata ka ga yadda baba yake kama zane. Ka shiga Gidan Makama, ka je Gidan Mambayya a Gwammaja ka ga irin ɗakin da Malam Aminu Kano ya zauna a ciki. Ka saurari hirar teburin mai shayi da ta direban adaidaita sahu. Amma ka riƙe kanka: shagon cacar ƙwallo da abokin da ke miƙa maka ƙwaya ba su taɓa bari ɗalibi ya gama lafiya ba, kuma kada dare ya same ka a lungun da ba ka sani ba da waya a hannu.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa gaya maka ba. A shekarata ta biyu a makaranta na kwana kallo ana gobe jarrabawa, na kuwa faɗi. A wannan shekarar, mahaifina, wato kakanka, ragonsa na layya ya sayar ya biya mini kuɗin makaranta. Bai daka mini tsawa ba, shiru kawai ya yi, kuma har yau shirun nan yana yi mini nauyi. Laifin ba na fim ba ne, nawa ne da na ba shi lokacin da ba nasa ba. Ka ba salla lokacinta, ka ba darasi nasa, abin da ya rage ka more shi da zuciya ɗaya.

Lokacin da Abubakar Imam ya shiga waccan gasa ta 1933, shekarunsa 22, matashin malamin makaranta ne a Katsina. Kai ma ka kusa kai wa nan. Saboda haka ina jiran amsarka a rubuce, shafi ɗaya tak, da Hausarka: waƙa ɗaya da ka rubuta baitocinta, ko littafi ɗaya da ya hana ka barci, ko wani lungu na Kano da ka gano da ƙafarka. Ranar da ka kawo mini shi, zan damƙa maka tsohon Magana Jari Ce ɗina, juzu'i uku, wanda na adana tun ina sa'anka.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ilimi mai amfani, ya tsare ka daga sharrin zamani.

Naka,
Kawunka